Yawan abin farauta da irin man jikin mafarauci: misalin ƙananan halittun tekun Svalbard

Gabatarwa

Duk wanda ya saba sayen man shanu ya san na damina da na rani ba ɗaya suke ba. Na damina ya fi ja-ja da laushi, domin saniya tana cin ɗanyen haki. Na rani ya fi fari da tauri. Watau abin da dabba ta ci yana barin sawu cikin man jikinta. Bisa wannan ne masana ilimin teku suka gina wata dabara ta gane cimar halittun da ƙanƙantarsu ta hana a bi su a ga abin da suke ci: a tatsi man jikinsu, a rarraba shi, a duba sawun abinci a ciki.

Tambayar da wannan takarda ta sa gaba ita ce: idan wani abin farauta ya yi yawa cikin ruwa, shin man jikin mafaraucinsa zai nuna haka? Amsa a taƙaice: yana nunawa, amma a makare, kuma abin da yake bi shi ne nauyin man da aka haɗiya, adadin kawuna bai dame shi ba. Za mu bi zancen da misali guda, na wani lungun teku da ke tsibiran Svalbard na ƙasar Norwej. Mun zaɓe shi ne domin sarƙar abinci a can gajera ce, kuma an daɗe ana awo a wurin.

1. Wurin da mazaunansa

Kongsfjorden wani dogon lungu ne na teku, kimanin kilomita 20, a yammacin tsibirin Spitsbergen, bisa digiri 79 na arewa. A bakinsa akwai Ny-Ålesund, tsohon garin haƙar gawayi da ya koma sansanin bincike. Faransa da Jamus suna da tashar haɗin gwiwa a can tun 2003. Rana ba ta fitowa daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Fabrairu, ba ta kuma faɗuwa daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Agusta. Sunayen damina, rani da bazara ba su dace da wurin ba, saboda haka za mu riƙa cewa lokacin haske da lokacin duhu. Ruwa iri biyu ne ke gamuwa a lungun: mai ɗan ɗumi da ke haurowa daga Atlantika, da mai tsananin sanyi na Arktik.

Halittun da ruwa ke ɗauka ya yi yawo da su, waɗanda ba su da ƙarfin yin gaba da igiya, su ake kira filankton. Akwai na tsiro, akwai na dabba. Da haske ya komo, wajen Afrilu da Mayu, filankton na tsiro kan yi toho gaba ɗaya cikin ƴan makonni, sa'an nan ya ƙare. Manyan masu kiwonsa su ne kopepod na zuriyar Calanus, ƴan uwan jatan lande na nesa, masu girman ƙwayar shinkafa ko ƙasa da haka. Iri uku ne a can: Calanus finmarchicus na ruwan Atlantika, wanda ya fi ƙanƙanta, wajen milimita 3, Calanus glacialis na gaɓar Arktik, matsakaici, da Calanus hyperboreus na zurfi, mai kai milimita 7 ko 8. Dukkansu sai su tara guzurin watanni cikin wannan ɗan lokaci na yalwa. Suna mayar da abin da suka ci wani mai irin kaki, dangin kakin zuma, su zuba shi cikin wata jaka da ake hangowa ta cikin jikinsu, domin jikin garau yake. A ƙarshen lokacin haske mai kan kai rabin busasshen nauyinsu ko fiye. Daga nan su nutse zuwa zurfi, su yi likimo har haske ya dawo.

Masu farautarsu cikin filankton, uku za mu ambata. Akwai tsutsa-kibiya, Parasagitta elegans, siririya, garau, tsawon santimita 2 zuwa 4, mai ƙugiyoyi a ka. Akwai amfipod Themisto libellula, mai manyan idanu da ƙafafun cafka, wanda kan kai santimita 5 ko 6. Akwai kuma Mertensia ovum, wata halitta mai taushi kamar kunun kanwa da ya daskare, jikinta kusan duk ruwa, tana jan igiyoyi biyu masu danƙo a bayanta. Su kuma waɗannan abinci ne ga kifi da tsuntsaye.

Mai karatu zai ce: don mi ba a tsaga cikinsu a duba ba? Ana yi. Sai dai yawancin tsutsa-kibiyar da aka kamo cikinta wayam ake tarar da shi. Wadda aka samu da abu a ciki kuma, ba a da tabbacin ko cikin koma ta ci shi sa'ad da ake jawowa, inda mafarauci da abin farauta suka cakuɗe wuri guda. Mertensia kuwa takan dagargaje tun kafin ta iso kan jirgi. Ko an dace, ciki ba ya ba da labarin da ya wuce na ƴan sa'o'i.

2. Asid-mai da yadda ake karanta su

Kowane mai, na gyaɗa ko na kifi, an gina shi da wasu dogayen sarƙoƙi na karbon da ake kira asid-mai (acides gras). Abu biyu ke bambanta su: tsawon sarƙa, da yawan wuraren da karbon biyu suka yi ɗauri biyu a tsakaninsu. Idan an rubuta 20:5(n-3), ana nufin karbon 20, ɗauri biyu sau 5, na farko a karbon na 3 daga wutsiya. Sarƙa marar ɗauri biyu miƙaƙƙiya ce, tana jeruwa da ƴan uwanta, mai ya daskare. Shi ya sa man shanu da man kaɗe ke yin tauri lokacin ɗari. Kowane ɗauri biyu yana lanƙwasa sarƙar, mai ya zauna ruwa-ruwa. Man gyaɗa, wanda kusan rabinsa ko fiye 18:1(n-9) ne, yana cikin wannan rukuni. Halittar da ke zaune cikin ruwan da ke kusa da digiri sifiri ba ta da zaɓi sai ta cika fatar ƙwayoyin jikinta da sarƙoƙi masu lanƙwasa da yawa.

Aikin awo ba ya da wuyar faɗi. A daskarar da samfur nan take, a jiƙa shi cikin kuloroform da metanol bisa hanyar da Folch ya wallafa a 1957, a tace mai, a yanke sarƙoƙin daga gindinsu, a tura su cikin na'urar kromatogarafi. Kowane asid yana fitowa da nasa lokaci, na'ura ta zana masa tudu. Faɗin tudun shi ne rabonsa bisa ɗari.

Abin da ya mai da su alama shi ne, wasu asid ɗin wasu halittu ne kawai ke ƙera su da yawa, kuma suna ratsa cikin wanda ya ci su ba tare da sun sake sosai ba. Tsiron diyatome, masu ɓawon gilashi, suna da yawan 16:1(n-7) da 20:5(n-3). Masu bulala suna da yawan 18:4(n-3) da 22:6(n-3). Calanus kuwa, bayan abin da ya kwaso daga tsiro, yana ƙera nasa da kansa: dogayen sarƙoƙi 20:1(n-9) da 22:1(n-11), waɗanda suka cika kakinsa. A tekun arewa da wuya a sami wani mai ƙera su da irin wannan yawa, don haka suka zama tamkar tambarin da makiyayi ke yi wa dabbarsa. Ana samun su har cikin man kifin hareng da man hantar kifin kod da ake sayarwa a farmasi.

An gwada dabarar. A 1994 Graeve, Kattner da Hagen, masu bincike na Jamus, sun ba da rahoton Calanus finmarchicus da suka kamo yana ɗauke da alamar masu bulala, suka ciyar da shi diyatome zalla. Alamar 18:4(n-3) ta riƙa raguwa, 16:1(n-7) tana hauhawa, har suka yi musanyar matsayi. Abin lura shi ne sai da aka yi mako shida, alhali abinci yana nan a wadace kullum.

3. Inda lissafi ke kaucewa

A ce jirgin bincike ya shiga lungun ran kaza ga Yuli. An jefa koma, an ƙidaya abin farauta a kowane mita mai kusurwa huɗu na ruwa. An kuma kamo mafarauta an auna mansu. Ɗalibi zai so ya zana layi: yawan Calanus a gefe guda, rabon 20:1 da 22:1 a ɗaya gefen, layi ya miƙe ya hau. Wani lokaci haka ake samu, musamman idan an kwatanta wurare biyu masu nisa da bambanci ƙwarai. Sau da yawa kuwa ɗigogin warwatse suke fitowa, kuma ba laifin na'ura ba ne.

Mu fara da ƙidaya. Wanda ya fi kowa yawan kawuna a lungun ba Calanus ba ne, wani ɗan mitsitsin kopepod ne, Oithona similis, da bai kai milimita 1 ba. Mu yi lissafi na misali. Idan Calanus ya ninka Oithona sau 5 a tsawo, to a cika ya ninka shi kusan 5 × 5 × 5, watau 125. Koma ta fito da Oithona 1000 da Calanus 50. A ƙidaya, Oithona ne kashi 95 bisa ɗari. A nauyi, Calanus 50 sun yi daidai da Oithona 6250, watau kashi 86 bisa ɗari na abincin da ke wurin. Ba mu ma sa jakar kaki cikin lissafin ba. Mafaraucin da ya ci Oithona ashirin da Calanus ɗaya, na'ura za ta ce Calanus ya ci. Ga shi kuma koma da aka saba amfani da ita, mai ido mikron 180 ko 200, tana barin yawancin ƙananan su zurare, har ƙidayar ita kanta ta gurgunce.

Ko cikin Calanus ɗin, kai bai zama ɗaya da kai ba. Yana bin matakai goma sha biyu daga ƙyanƙyasa zuwa girma: shida na tsutsa, shida na kopepod. Ƙananan matakai ba su da kaki sai kaɗan. Tarawa ta haƙiƙa tana kankama ne a matakan ƙarshe kafin balaga. To lokacin da Calanus ya fi yawa a ruwan sama, bayan toho, yawancinsu ƴaƴa ne marasa tambari. Sa'ad da suka yi ƙiba, tambari ya yi ƙarfi, adadinsu ya riga ya ragu, sun kuma fara nutsewa. Sai a ga abin mamaki: yawa yana sauka, alama cikin mafarauci tana hawa.

Sai zancen jinkiri. Idan mai kiwon tsiro ya ɗauki mako shida kafin man jikinsa ya juya, mafaraucinsa, wanda ke cin abinci jefi-jefi cikin ruwa mai sanyi, ba zai riga shi ba. Koma tana ɗaukar hoton rana guda da wuri guda. Man jiki kuwa kamar rumbu ne, abin da ke ciki na girbin da ya wuce ne. Bugu da ƙari, ruwa yana tafiya: amfipod da aka kama cikin lungun yau, mai yiwuwa makon jiya yana can waje bisa gaɓa, cikin wani ruwa dabam da wani abinci dabam.

Akwai kuma ƙoshi. Tun 1959 Holling ya nuna cewa cin mafarauci yana ƙaruwa da yawan abin farauta har wani matsayi, daga nan ya tsaya, domin kamawa da narkarwa suna cin lokaci. Wannan ya haɗu da halin rabo bisa ɗari, wanda ba ya wuce ɗari. Mertensia da jakunkunan manta suka cika da kakin Calanus, ko an ninka mata Calanus sau goma, rabon 20:1 da 22:1 ba shi da inda zai ƙara zuwa. Saboda haka a ganinmu alamar ta fi amfani wajen gane ƙarancin abinci bisa gane yalwarsa.

Abin da ya fi ruɗa masu koyo shi ne yunwa, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Mai iri biyu ne cikin jiki. Akwai man ajiya, kaki ko tirigiliserid, wanda ake tarawa ana ƙonewa. Akwai man gini, fosfolipid, wanda aka yi fatar ƙwayoyin jiki da shi. Man ajiya shi ke bin abinci. Man gini jiki ne ke tsara shi, yana cike da 20:5(n-3) da 22:6(n-3), kuma jiki ba ya sakin sa sai tura ta kai bango. Idan abinci ya yanke, ajiya ta fara ƙarewa, gini yana nan. Wanda ya tatsi man dabbar gaba ɗaya ya auna, zai ga rabon 22:6(n-3) ya tashi. In bai yi hankali ba sai ya rubuta cewa dabbar ta koma cin masu kiwon tsiro masu bulala. Alhali ba ta ci komi ba. Sauran ne suka ragu, shi ya fito fili. Maganin wannan shi ne a raba ajiya da gini kafin awo, a kuma faɗi nauyin kowane asid cikin mikrogaram bisa kowace dabba, ba rabo kaɗai ba. Aikin ya fi tsada da cin lokaci, shi ya sa ake yawan tsallake shi.

Wannan ne kuma ya sa mafarautan uku ba su amsa tambaya iri ɗaya. Themisto da Mertensia masu ajiya ne, labarin abinci yana fitowa a jikinsu sarai. Tsutsa-kibiya Parasagitta ba ta tara mai da yawa. Babban rabon abin da aka tatsa daga gare ta na gini ne, don haka zanenta ba ya motsi sosai ko abinci ya sake. Ana ganin tambarin Calanus a jikinta, amma a raunane.

Daga ƙarshe, alama ba ta faɗin hannu nawa ta ratsa. A ruwan Svalbard akwai wata ƴar uwar Mertensia, Beroe cucumis, wadda ba ta da igiyoyin kamu, sai babban baki. Ƴan uwanta masu taushi take haɗiya. Falk-Petersen da abokan aikinsa sun wallafa a 2002 cewa kakin Calanus, da 20:1 da 22:1 ɗinsa, yana nan cikin Mertensia yana kuma nan cikin Beroe. Wanda bai san halin Beroe ba zai sa ta cikin masu cin Calanus, ya tafi neman dangantaka tsakanin manta da yawan kopepod, alhali yawan Mertensia ya kamata ya ƙidaya. Haka 18:1(n-9), da ake yawan kira alamar cin nama: dabbobi suna ƙera shi da kansu, ƙananan kopepod suna da shi da yawa, yana cikin ruɓaɓɓen abin da ke gangarowa daga sama. Alama ce mai iyaye da yawa, a riƙe ta da sassauci.

An yi ƙoƙarin mai da dabarar lissafi sosai. A 2004 Iverson da abokan aikinta a Kanada sun fito da hanyar ƙiyasta rabon kowane abinci daga zanen asid-mai. Hanyar tana buƙatar a ciyar da mafarauci abinci sananne a tsare, a ga yadda jikinsa ke sake kowane asid. Ana iya yin haka da karen ruwa ko tsuntsu. Tsutsa-kibiya da Mertensia ba su jure zaman tulu na dogon lokaci. Don haka ake haɗa awon mai da wasu shaidu, kamar isotop na azot, mai nuna hawa na nawa dabba take cikin sarƙar abinci, da binciken ADN na abin da ke ciki.

4. Shigar ruwan Atlantika

Zancen ba na ɗakin awo kaɗai ba ne. A lokacin duhu na 2005 zuwa 2006 iska ta turo ruwan Atlantika mai ɗumi cikin lungunan yammacin Spitsbergen, kuma daga wannan shekara ƙanƙarar da ta saba rufe Kongsfjorden ta ragu ƙwarai. Mazauna sun fara sakewa. Binciken abin da tsuntsun Rissa tridactyla ke kawo wa ƴaƴansa a lungun ya nuna cewa daga 2007 kifayen Atlantika sun ƙaru cikin cimarsa, kifin Arktik da Themisto libellula suka ja baya. Wani ƙaramin tsuntsu, Alle alle, wanda ke cika maƙoshinsa da kopepod ya kai wa ɗansa, ya fi son manyan Calanus glacialis. Idan ƙananan finmarchicus suka maye gurbinsu, sai ya ƙara nutso kafin ya tara mai daidai da na da.

A nan ne abin da muka faɗa a sama ke da nauyi. Idan finmarchicus ya maye gurbin glacialis, adadin Calanus cikin koma yana iya tsayawa yadda yake, ko ma ya ƙaru. Tambarin 20:1 da 22:1 cikin mafarauci shi ma zai zauna, tun da duka biyun suna ɗauke da shi. Ƙidaya ta ce lafiya, rabo bisa ɗari ya ce lafiya, alhali man da ke cikin kowace loma ya ragu. Nauyin mai bisa kowace dabba ne zai fallasa shi. Wasu sun gwada raba nau'o'in ta hanyar gwama 22:1 da 20:1, domin hyperboreus ya fi yawan na farko, glacialis ya fi yawan na biyu. Wannan yana taimakawa wajen ware hyperboreus, amma tsakanin sauran biyun tazarar kaɗan ce. Ko da ido ma rabuwar ba ta da sauƙi: shekara da shekaru da tsawon jiki ake bambanta su, sai aikin Choquet da abokanta na 2017 da 2018, bisa ADN, ya nuna cewa a wurare da yawa tsawonsu yana shiga juna, an daɗe ana rubuta glacialis a layin finmarchicus.

Wani gyara ya zo daga lokacin duhu. Yawancin samfurin da aka gina wannan ilimi a kansu na Yuli da Agusta ne, sa'ad da jirgi ke shiga da sauƙi, kuma an ɗauka cewa cikin duhu komi yana kwance, man da aka gani cikin mafarauci a Janairu ragowar na lokacin haske ne. Ayarin Jørgen Berge na jami'ar Tromsø ya shiga Kongsfjorden cikin watan Janairu na 2013, 2014 da 2015, ya tarar da kifi da tsuntsaye cikinsu cike, wasu kopepod suna hayayyafa, filankton na dabba yana hawa da sauka cikin ruwa bisa ɗan hasken da idon mutum ba ya gani. Ke nan tambarin Calanus cikin Themisto na Janairu yana iya zama na Agusta, yana iya zama na daren jiya. Hanya guda ta rarrabewa ita ce a duba ko kakin yana nan ɗanye cikin hanji ko ya riga ya shiga ajiya, a kuma riƙa ɗaukar samfur wata-wata daga wuri guda, tun daga Oktoba har fitowar rana.